SHARHI: Ƙara Farantan Sola Ba Tare Da Fis Ba Kasada Ce Da Dukiyar Kasuwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, ƙananan 'yan kasuwa a faɗin Nijeriya suka shiga neman hanyar rabuwa da janareto. Ƙarin kuɗin wuta da Hukumar NERC ta yi a watan Afrilu na 2024, wanda ya kai naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya ga masu rukunin farko, da kuma yawan durƙushewar babban layin wutar ƙasa a wannan shekarar, sun daɗa karkata hankalin jama'a ga hasken rana. Duk wanda ya zaga Agege da Mile 12 a Ikko, ko Sabo a Badun, ko unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal, zai ga farantan sola a kan rufin shaguna masu yawa.

Wannan ci gaba ne abin farin ciki, sai dai akwai wani haɗari da ke tafe tare da shi wanda ba a cika magana a kansa ba. Galibin 'yan kasuwa da ƙarami suke farawa: faranti biyu, batir ɗaya, da na'urar daidaita caji, domin fanka da ƙwan fitila da cajin waya. Idan ciniki ya buɗe aka sayi firiza ta ruwan sanyi da zoɓo, sai mai shago ya aika kasuwar Alaba a sayo masa ƙarin faranti biyu, ya kira yaron da ke gyaran wuta a layinsu ya jona su a kan tsofaffin wayoyin, a sallame shi da yamma. Fitila ta kama, firiza ta yi sanyi, kowa ya ɗauka aiki ya yi kyau. Alhali kuwa an ɗora wa wayar da na'urar kayan da ba a ƙera su don ɗauka ba.

Hanya biyu ce ake jona farantai. Ta farko ita ce haɗin sarƙa, inda ake jona wayar faranti ɗaya da ta na gabansa. A nan ƙarfin turin wutar, wanda ake aunawa da bolt, shi ne yake taruwa. Ta biyu ita ce haɗin kafaɗa da kafaɗa, inda kowane faranti ko kowane jeri yake zuba wutarsa a waya guda. A nan yawan wutar da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfa, shi ne yake taruwa. Kowace hanya tana da iyakar da ba a ƙetarewa, kuma an rubuta alƙalumman a takardar da ke manne a bayan kowane faranti.

A ɗauki misalin faranti mai wat 550, irin wanda ya cika kasuwa. Yakan ba da kimanin bolt 50 idan ba a jona masa komai ba, da kimanin amfa 14 idan wayoyinsa suka haɗu. Idan aka jona uku a sarƙa, an kai bolt 150. Na'urar daidaita caji da aka rubuta mata iyakar bolt 100 ba za ta jure wannan ba, kuma ko mai iyakar 150 tana bakin rami, domin an auna waɗannan alƙalumma ne a ma'aunin zafi 25, kuma turin faranti yana ƙaruwa idan gari ya yi sanyi. Safiyar hunturu ɗaya a wuri kamar Jos ta isa ta ƙona na'urar da aka kashe dubban nairori a kanta.

Haɗarin haɗin kafaɗa da kafaɗa ya fi wannan muni, domin shi gobara yake haifarwa. Idan jeri ɗaya ya sami matsala, misali ɓera ya ci waya ko ruwa ya shiga mahaɗa, sauran jerin duka sai su juyo da wutarsu cikin mai matsalar. Masu ƙera irin wannan faranti galibi sukan rubuta cewa kada abin da zai ratsa shi ya wuce amfa 25. Idan jeri biyu ne kawai, abin da zai juyo amfa 14 ne, bai kai iyaka ba. Idan uku ne, amfa 28 zai juyo, an ƙetare. Idan huɗu ne, amfa 42. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙa'idar aikin ta tanadi cewa daga jeri uku zuwa sama, wajibi ne kowane jeri ya sami fis nasa. Mai shagon da ya shekara biyu da faranti biyu ba fis kuma lafiya lau, yana da gaskiya idan ya ce bai taɓa ganin matsala ba. Amma ranar da ya ƙara na uku, lissafin ya canja.

Girman fis ɗin ma ba a zaɓensa da ka. Ƙa'idar wutar lantarki ta Amurka, wadda masu aikin sola da yawa suke koyi da ita, ta ce a ninka amfa ɗin faranti sau 1.56. Amfa 14 zai ba da kusan 22, don haka fis mai amfa 25 ya dace, matuƙar bai zarce abin da aka rubuta a bayan farantin ba. Har ila yau, dole ya kasance fis ko bireka da aka ƙera domin wutar sola. Wutar gida tana kai da komo, tana faɗuwa sifiri sau 100 a daƙiƙa ɗaya, wanda hakan yake kashe tartsatsi da kansa. Wutar faranti da ta batir kuwa miƙe take, idan tartsatsi ya tashi yakan ci gaba da ci. Saka birekar gida a layin sola domin ta fi araha yaudarar kai ce.

Sai batun waya. Zafin da waya take yi yana ƙaruwa ne fiye da yadda wutar take ƙaruwa: idan wutar ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu, idan ta ninka uku, zafin ya ninka tara. Wayar da ta ɗauki amfa 14 cikin sauƙi tana iya narkewa da amfa 42 a ƙarƙashin kwanon da rana ta gasa. Abin takaici, akwai wayoyin alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe ana sayar da su a matsayin jan ƙarfe tsantsa, kuma ba su ɗaukar nauyin da na gaskiya yake ɗauka. Bugu da ƙari, batir yana iya zubo ɗaruruwan amfa nan take idan wayoyinsa suka haɗu, saboda haka fis ɗin da ke kusa da bakin batir shi ne na farko da ya kamata a tabbatar yana nan.

Wasu za su ce kuɗin faranti da batir sun riga sun yi nauyi, ba sai an ƙara da na fis da sabuwar waya da ladan ƙwararre ba. Uzuri ne da ake fahimta a wannan hali na tsadar rayuwa. Sai dai kuɗin waɗannan kayan kariya ɗan kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin tsarin gaba ɗaya, balle kayan da ke cikin shagon. Kuma a kasuwa rufi ɗaya ne ya haɗa mutane da yawa. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna, sun san yadda wuta take tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa ba tare da tambayar wane ne ya yi sakaci ba.

Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Ɗan kasuwa, wanda bai taɓa karɓar kaya ba tare da ƙirgawa ba, ya kamata ya nemi mai aikin ya rubuta masa adadin bolt da amfa bayan ƙarin, da iyakar na'urarsa, da kaurin wayar, da wurin da aka saka kowane fis, kafin ya biya lada. Ya kuma guji cakuɗa farantai masu girma daban a jeri ɗaya, domin ƙaramin yakan danne babban, a yi asarar wutar da aka biya kuɗinta. Shugabannin kasuwanni da sarakunan Hausawa na garuruwan kudu suna da ikon sa doka cewa kada a ɗora faranti a rufin kasuwa sai ƙwararre ya duba. Hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa tantance masu haɗa wuta, da Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, su ma lokaci ya yi da za su shiga kasuwannin da ake sayar da waya da fis, su kuma kai faɗakarwa cikin harsunan da 'yan kasuwa suke ji.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Duk ɗan kasuwar da ke shirin ƙara faranti a bana, ya kyautu ya ware kuɗin fis da waya tun a lissafin farko, ko da hakan zai sa ya jinkirta sayen faranti ɗaya zuwa wani watan.