Kada a Sayar da Gida Don Digirin Waje

Ya ku 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan da Shagamu, sau da yawa mukan ji an ce wane ya sayar da gida ko ya karya jarin goronsa don ɗansa ya tafi Turai neman digiri na biyu ko na uku. A ganina wannan kuskure ne babba, balle tun da darajar Naira ta faɗi a 2023.

Masu jiran gwamnati kuma sai su sake tunani. Hukumar TETFund, wadda take ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu, ta dakatar da tura sababbi ƙasashen waje daga Janairun 2025.

To, akwai wata hanya da yawancinmu ba mu sani ba. A Amurka da Jamus, shehun malami yakan nemi kuɗin bincike daga hukuma, watau irin su NSF da aka kafa a Amurka a 1950, ko DFG ta Jamus. In ya samu, daga cikin kuɗin nan yake ɗaukar ɗalibi ya taya shi aiki. A Amurka akan biya wa ɗalibin kuɗin makaranta, a kuma ba shi na abinci da haya kowane wata. A Jamus sau da yawa ma'aikaci ake ɗaukarsa, da albashinsa. Uba ba ya sayar da ko akuya. Abin da ake bukata shi ne sakamako mai kyau, da wasiƙa zuwa ga malamin da bincikensa ya dace da karatun yaro. Ba a bi ta hannun dillali, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo gurbin, a guje shi.

Amma fa lalle a lura. Kuɗin na aikin malamin ne, ba na ɗalibi ba. Yawanci na shekara uku ne zuwa biyar, digirin dakta kuwa a Amurka yakan ci biyar ko shida. A 2025 gwamnatin Amurka ta soke ɗimbin irin waɗannan kuɗaɗe ana tsakiyar aiki. Saboda haka kafin yaro ya ɗaura kaya, a sa jami'ar ta rubuta a takarda shekara nawa za a biya, da kuma wanda zai ɗauki nauyinsa in kuɗin malamin ya yanke.