Digiri A Hannunmu, Labarinmu A Bakin Baƙo

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da kuka bar jami'a ba da daɗewa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci wa masu kishin aikin jarida tuwo a ƙwarya, amma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru don gudun ɓacin ran manya. Maganar kuwa ita ce, jami'o'inmu suna ba da digiri na biyu a fannin aikin jarida, a cikin darussansa har da wanda ake kira sadarwar ƙasa da ƙasa, ga mutumin da bai taɓa tsallake kan iyakar Jibiya da alƙalami a hannu ba, bai taɓa yin hira da wani cikin harshen da ba nasa ba, bai kuma taɓa aika wa edita labari daga baƙon gari ba. Ana ɗaura masa rawanin sarautar da bai san hanyar fadarta ba. Ra'ayina shi ne, digirin aikin jaridar ƙetare wanda babu horon aiki a cikinsa yaudara ne, kuma al'umma ce take biyan kuɗin wannan yaudara.

Domin a gane nauyin abin, sai mu waiwayi asalinsa. A shekarar 1835 aka kafa kamfanin dillancin labarai na Havas a birnin Paris, wanda shi ne kakan AFP. A 1846 jaridun New York suka haɗa kai suka kafa AP, a 1851 kuma Paul Julius Reuter ya buɗe ofishinsa a London. A 1870 Reuters da Havas da kamfanin Wolff na Jamus suka ƙulla yarjejeniya suka raba duniya a tsakaninsu, kowa da yankin da zai riƙa kwasar labari yana sayarwa, watau tun kafin a zauna a Berlin a 1884 a yi wa Afirka watanda. Ƙasashen da Ingila ta mallaka suka faɗa hannun Reuters, na Faransa kuma hannun Havas. Sakamakon haka, in abu ya faru a Damagaram, sai ya bi ta Paris, ya ratsa London, kana ya iso Kano, ya sha fassara da gyaran fuska a kowane zango.

Magabatanmu ba su kwanta sun zuba wa wannan hali ido ba. Nijeriya ta yi dokar kafa kamfanin dillancin labarai na NAN a 1976, ya fara aiki a 1978. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da kafa PANA a 1979, ya fara aiki a Dakar a 1983. A 1980 kwamitin hukumar UNESCO a ƙarƙashin Sean MacBride, mutumin ƙasar Ayalan, ya fitar da rahoton da ya nuna yadda labarai suke kwararowa daga ƙasashe masu ƙarfi zuwa ga raunana ba tare da ramuwa ba. Gardamar da ta biyo baya tana cikin dalilan da suka sa Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Ingila ta bi ta a 1985. Duk ɗalibin digiri na biyu ya haddace wannan tarihi, yana kuma iya zuba shi a takardar jarrabawa ba gargada. To, amma ina amfanin haddace sunan cuta ga wanda ba a koya masa haɗa magani ba?

Mu ɗauki misali na kusa. Ran 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi, Nijeriya ta rufe kan iyaka ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki. Iyakar nan ta kai wajen kilomita 1,500, mutanen da ke hagu da damanta harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna auren juna. Babu labarin ƙetare da ya fi wannan shafar mutumin Illela ko Maigatari. Duk mai shakka ya je ɗakin karatu ya buɗe shafin labaran waje na jaridunmu na waɗannan makonni, ya duba sunan da ke ƙarƙashin kowane rahoto, ya ƙirga nawa ne wakilinmu ya aiko, nawa kuma aka kwafo daga kamfanonin Turai.

Haka abin yake game da Sudan. A watannin Yuli da Oktoba na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bulunayil tsakanin Hausawan can da maƙwabtansu, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya tashi a Khartum, ɗalibai 'yan Nijeriya suka shiga motocin safa suka nufi Masar, suka yi kwanaki a maƙale a kan iyaka. Jaridu nawa ne daga cikin namu suke da wakili mai jin Larabci wanda ya san Mai Wurno, ya san tarihin mahajjatan da suka zauna can, wanda zai iya bayyana wa mai karatu a Sakkwato tushen rigimar?

Wani zai ce ai ga sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, suna da wakilai Hausawa a Yamai da Maraɗi da Akara da Yawunde. Gaskiya ne, kuma a yaba musu, domin tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 waɗannan gidaje suka zama makarantar da ta fi kowace horar da 'yan jaridarmu a kan labaran duniya. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A watan Agusta na 2023 sojojin Nijar suka dakatar da RFI da France 24, a Disamba na 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. A watan Maris na 2025 kuma, da sa hannu ɗaya a Washinton, sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda aka buɗe tun 1979, ya yi tsit. Al'ummar da kunnenta yake jingine a aljihun wata gwamnati, ranar da aka tsuke bakin aljihun sai ta kurumce.

To, mene ne muke yi a azuzuwanmu? An fara koyar da aikin jarida a matakin jami'a a Nsukka a 1961, Legas ta biyo baya cikin shekarun 1960, sauran suka bi sahu. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta tsaga fannin gida bakwai, aikin jarida ya sami nasa ɗakin. Amma sauya wa tuwo suna ba ya sauya masa ɗanɗano. Har yanzu hanyar da ɗalibin digiri na biyu ya fi bi ita ce ya saurari lacca, ya raba takardun tambayoyi ga abokansa na ɗakin kwana, ya lissafta amsoshi cikin jadawali, ya ɗinke kundi da baƙin bango, a ajiye a kanta ƙura ta rufe. Kai, sau da yawa batun kundin ma shi ne yadda kafofin Turai suke ɓata sunan Afirka! Shekara da shekaru muna rubuta kuka iri ɗaya, ba mu horar da wanda zai share hawayen ba.

Kada a ce nazari nake raina wa. Wakilin da bai san tarihi da tattalin arziki da dokokin ƙasa da ƙasa ba, aku ne kawai mai maimaita abin da minista ya faɗa. Abin da nake cewa shi ne a haɗa karatu da aiki, kamar yadda makarantun da suka yi suna suka yi tun farko. Da Walter Williams ya buɗe makarantar aikin jarida a Jami'ar Missouri ta Amurka a 1908, tun ranar farko ɗalibai suka fara fitar da jarida wadda mutanen gari suke saye. Tom Hopkinson, wanda ya kafa cibiyar nazarin aikin jarida a Cardiff a 1970, tsohon editan mujallar Drum ne, ya kuma yi shekaru a Nairobi yana horar da 'yan jaridar Afirka. Dele Giwa ya yi digiri na biyu a Jami'ar Fordham, amma a ɗakin labarai na jaridar New York Times ya goge kafin ya komo gida, har shi da abokansa suka fara fitar da Newswatch a 1985. Mohamed Amin na Kenya kuwa, wanda hotunansa na yunwar Habasha a 1984 suka girgiza duniya, a bakin aiki ya koyi riƙon kyamara. Mu nan ma muna da madubi: Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya shiga ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila a 1943, ya gani da idonsa, ya komo ya bayyana wa Bahaushe cikin harshensa. Gani ya kori ji.

Akwai masu ganin mafita ita ce kowa ya nemi hanyar zuwa Ingila ko Amurka. Wanda Allah ya ba shi guraben karatu irin su Chevening, ya tafi, ba laifi, zai koyi tsantseni da kiyaye lokaci da amfani da na'urori. Amma mutum nawa ne za su iya? Bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, a watan Janairu na wannan shekara kuma Ingila ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu. Ban da haka, makarantar London tana horar da mutum ne domin mai karatu na London. In bai yi hattara ba, sai ya komo ya zama ɗan jagora, yana yi wa wakilin baƙi tafinta, yana nemo masa mota da mutanen da zai yi hira da su, yana shiga inda baƙon ba ya iya shiga, ranar da labari ya fito kuma sunan wani ne a kai.

Saboda haka ga abin da ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta kai gaban majalisar jami'a. Na farko, kada a ba kowa wannan digiri sai ya yi zangon karatu guda cur a ɗakin labarai na gaske, inda edita zai yaga masa rubutu ya ce ya sake. Na biyu, a wajabta Faransanci ko Larabci, jarrabawarsa kuwa ta zama hira da mai harshen, domin ƙasashe huɗun da muke iyaka da su a tudu, watau Binin da Nijar da Cadi da Kamaru, duk ana amfani da Faransanci a ofisoshinsu da takardunsu. Na uku, a ƙulla musayar ɗalibai da makarantu irin su ESSCOM ta Yamai, da ESSTIC ta Yawunde, da CESTI ta Dakar, kowane ɗalibi ya yi wata uku a can yana aiko da rahoto duk mako. Na huɗu, a yarda dogon rahoton bincike da aka buga ko aka watsa ya tsaya a madadin kundi, tsohon edita ya zauna cikin masu jarrabawa. Na biyar, a buɗe wa gogaggun 'yan jarida ƙofar aji ko da ba su da digiri na uku.

Na san za a ce babu kuɗi. Daga Katsina zuwa Maraɗi ai ba jirgin sama ake hawa ba. Tun 1973 hukumar ITF take gudanar da shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki, asusun TETFund kuma yana nan. Abin da ake kashewa a taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a babban otel ya isa ya riƙe ɗalibai da dama a Damagaram. Za a ce hanya ba lafiya. Lalle haka ne: an kashe Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels a Kano ran 20 ga Janairu, 2012, an kashe Ghislaine Dupont da Claude Verlon na RFI a Kidal ta ƙasar Mali a Nuwamba na 2013. Wannan ma hujja ce ta ƙara horo, a koya wa ɗalibi taimakon farko, da auna haɗari, da kare majiyarsa, kafin ranar da zai tsinci kansa a tsakiyar wuta. Za a kuma ce yau kowa da waya a hannu, labari yana zuwa da kansa ta Facebook. Abin da yake zuwa da kansa jita-jita ne da tsofaffin hotuna da aka sauya wa kwanan wata, kuma tantance su aiki ne da sai an koya.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, musamman jami'an watsa labarai na ma'aikatu da na gidajen rediyon jihohi, da yawanku kuna neman hutun ƙaro ilmi ne domin ƙarin girma kawai. Ku tambayi makarantar da za ku shiga abin da za ku iya yi da hannunku bayan kun gama. Gobe ku ne za ku riƙe fayilolin kasafi, ku tuna cewa gidan rediyon da ba ya iya ajiye wakili ɗaya a Yamai bai cancanci ya riƙa kuka da Turawa ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamanmu sun san gaskiyar wannan magana, da yawansu ma sun daɗe suna faɗinta a ofis. Abin da ya rage shi ne mu ɗalibai mu ɗaga murya a rubuce, sashe bayan sashe, har sai an sake tsarin karatun. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ya kuma ba shugabanni kunnen saurare. Amin.