An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tururin Wayar Salula da Haɗarin Batir a Yammacin Zamfara

Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Idan akwai jama'ar da ta cancanci uzuri a kan tsoron cutar da ido ba ya gani, to jama'ar Anka da Bukkuyum ce, da maƙwabtansu na Gummi. A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce take kashe ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da kuma 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana daka shi ana niƙa shi, ƙurarsa ta bi ƙasa da abinci ta shiga jikin yara, har aka rasa fiye da 400. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin wannan yanki ya ji an ce wayar da ke aljihunsa tana fitar da wani tururi, ya ji gabansa ya faɗi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa an ɗora tsoron a inda bai kamata ba, an bar wurin da haɗarin yake.

Da farko, mene ne wannan tururi? Wayar salula, wadda ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, tana aika magana ne ta igiyoyin iska, dangin waɗanda akwatin rediyo yake kamawa. Masana sun raba tururi gida biyu. Akwai mai ƙarfin da zai iya lalata ƙwayoyin halittar jiki, kamar wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Akwai kuma marar irin wannan ƙarfi, wanda tasirinsa da aka tabbatar shi ne ɗan ɗumama nama. A wannan gida wayar salula take. Hukumomi sun sanya iyaka ga abin da jiki zai sha daga gare ta: wat 1.6 ga kowane kilo a Amurka, wat 2 a ƙasashen Turai.

Masu ganin akwai haɗari suna da hujja, kuma adalci ne a kawo ta. A shekarar 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tururi a rukunin 2B, watau abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Amma ma'anar rukunin ita ce hujjar da aka samu ba ta isa a yanke hukunci ba. Bayan shekara goma sha uku, watau a 2024, wani nazari da hukumar ta sa aka yi ya tace bincike 63 da aka gudanar tsakanin 1994 da 2022, bai kuma sami wata alaƙa tsakanin amfani da wayar da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba duk da haka, dabara mai sauƙi ce: ya buɗe sifika ko ya sa abin saurare a kunne, domin ƙarfin tururin yana raguwa ƙwarai da zarar an nisanta wayar da jiki.

Wani abin lura kuma shi ne waya takan ƙara ƙarfin abin da take fitarwa sa'ad da sabis ya yi rauni. Ke nan ƙarfen sabis da wasu suke ƙyamar a kafa kusa da gari yana rage wa wayar wahala ne. Jama'ar Zamfara kuwa sun ɗanɗana rashinsa a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse sadarwa a jihar domin yaƙi da 'yan bindiga, ciniki ya tsaya cik, ɗan'uwa ya kasa jin labarin ɗan'uwansa.

To, ina jakin da aka bari? Yana cikin batir, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne ƙaramin batirin litiyam da ke cikin wayar kanta. Babban abokin gabansa zafi ne. In aka bar shi cikin ranar bazara, ko aka danne shi ƙarƙashin matashin kai yana caji, ko aka haɗa shi da caja ta jabu, yakan kumbura, wani lokaci ma ya kama wuta. Wannan ba zato ba ne: a shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta yana kamawa da wuta. Idan haka ta faru ga sabuwar waya daga babban kamfani, ina ga batirin kwance da aka saya don araha? Ai araha ba ta ado. Batirin da ya kumbura ya gama aiki. Ba a huda shi, ba a jefa shi cikin bolar da za a cinna wa wuta, ba a kuma miƙa shi ga yaro ya yi wasa.

Iri na biyu ya fi muni. Inda wutar lantarki ba ta isa ba, masu sana'ar cajin waya da magidanta sukan dogara ga janareta da faifan sola, da manyan batura irin na mota masu tara wuta. Cikin irin waɗannan batura akwai faranta na dalma da ruwan batir mai ƙuna. Hasali ma mafi yawan dalmar da ake amfani da ita a duniya a yin batir take ƙarewa. Muddin batirin yana rufe, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da ya mutu aka fasa shi a tsakar gida ko a bakin kasuwa don a ciro dalmar a sayar, to an buɗe wa tsohuwar annoba sabuwar ƙofa. An ga haka a unguwar Thiaroye da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sanadiyyar fasa tsofaffin batura. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana cewa babu wani gwargwadon dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma yaron da ya tsira da ransa yana iya zama da raunin fahimta muddin ransa.

Abin da ya wajaba a fili yake. Ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum su keɓe wurin tara matattun batura nesa da gidaje da rijiyoyi, sarakuna da limamai su hana fasa su cikin gari, masu cajin waya su ajiye kayansu a inuwa inda iska ke shiga.

Malamai da ɗaliban sashen Hausa ma suna da nasu kason. Gargaɗin da ke jikin kwalin waya da batir da Turanci ake rubuta shi, jita-jita kuwa da Hausa take yawo, shi ya sa take rigan gaskiya isa ƙauye. Fassara wannan gargaɗi, da daidaita kalmomin da za su bambanta tururi da guba, da kai su gidajen rediyo, aiki ne da babu wanda ya fi su cancantar yi. Bagega ta jira har shekarar 2013 kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an binne yara masu yawa. Bai kamata a sake jiran makoki kafin a yi bayani ba, domin rigakafi ya fi magani.