Masu Ɗaga Ƙarfe, Wace Tsoka Ku Ke Wa Aiki?

Duk wanda ya bi ta bayan ɗakunan kwana da la'asar sakaliya zai tarad da samarinmu sun kewaye wani bututun ƙarfe mai gwangwanin siminti a kowane gefe, kowa yana jiran a zo kansa. Ba mu ƙi wannan ba, don ya fi zaman banza. Abin da ya dame mu shi ne, in ka tsai da ɗayansu ka ce, "Wannan da ka ke yi, wace tsoka ya ke ƙarfafawa?" sai ya ce shi dai ƙarfi ya ke nema. Alhali kuwa gobe shi ne malamin da za a danƙa wa 'ya'yan mutane a filin motsa jiki.

Asalin al'amarin ba shi da wuya. A jikin ɗan Adam akwai tsoka fiye da 600, ko wacce kuwa aikinta guda ne, watau ta takure ta ja. Tsoka ba ta tura kome. Mai shakka ya tafi wurin mahauci ya dubi ƙafar akuya. Zai ga jan nama ya tsuke ya zama farar jijiya, ta ƙetare gaɓa ta manne a ƙashi na gaba, in ya ja ta sai ƙafar ta motsa. Don haka ne Allah ya yi su bibbiyu, wannan ta lanƙwasa gaɓa, waccan ta miƙe ta. Ƙwanji, da ke gaban damtse, shi ke lanƙwasa gwiwar hannu. Mai miƙe hannun tana bayan damtse, kawunanta uku, ta ma fi ƙwanji girma, amma ba mai kula ta, don madubi ba ya nuna ta.

To, madubin nan shi ya ɓata mana lissafi. Yaro ya kwanta bisa benci ya yi ta tura ƙarfe sama, ya sauko ya kifa ciki ya yi ta ɗaga jikinsa da hannuwa, yana tsammani wasa biyu ya yi. Ina! Tsokar ƙirji, da ta gaban kafaɗa, da ta bayan damtse, su ne dai suka yi aikin duka sau biyu. Baya kuwa ba ta san an yi ba. Mai son ƙarfin baya sai ya kama sandar ƙarfe ya ja jikinsa har haɓarsa ta wuce ta, ko ya sunkuya ya jawo nauyi zuwa cikinsa kamar mai jan guga. Nan ne faffaɗar tsokar da ta taso daga kwankwaso ta bi ta ƙarƙashin hammata ke aiki, tare da waɗanda ke tsakanin allunan kafaɗa, ƙwanji kuma yana taya su. Akwai kuma waɗansu ƙananan tsokoki huɗu masu riƙe kan ƙashin damtse cikin gurbinsa, waɗanda su kan fara ciwo in aka matsa wa kafaɗa da turi babu hutu.

Ƙafafu ne aka fi zalunta. Wanda ya ɗora nauyi a kafaɗa ya tsuguna ya miƙe, tsokoki huɗu na gaban cinya ya sa aiki, da ta ɗuwawu, wadda ita ce mafi girma a jiki duka. In kuwa daga ƙasa za a ɗauko ƙarfe, aikin na ɗuwawu ne da bayan cinya. Tsokokin da ke gefen ƙashin baya nasu kurum su riƙe shi a miƙe. Wanda bai san haka ba sai ya gantsare ko ya lanƙwasa gadon bayansa ya fizgo. Bara ɗayanmu ya yi haka, ya yi mako biyu ko salla sai a zaune. Masu kwanciya su yi ta tasowa don su kashe teɓa kuwa, su sani tsokar ciki za ta yi ƙarfi, amma kitse ba ya narkewa don an motsa naman da ke ƙarƙashinsa.

Mun san wani zai ce, "Ai iyayenmu 'yan kokawa ba su san sunan tsoka ba, sun kuwa ka da maza." Gaskiya ne. Amma garma da dako da jan ruwa ba su barin wata gaɓa ta huta. Ƙarfe kuwa ba ya zuwa sai inda ka aike shi, mu kuma yini mu ke yi bisa benci muna karatu.

Sanin nan ba na masu neman ado kaɗai ba ne. A 1945 wani likitan soja a Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana yadda ya ke jiyyar sojojin da suka ji rauni a gwiwa. Sai ya ware tsokar gaban cinya ya ba ta nauyi, yana ƙara mata sannu sannu, ƙafar ta komo da ƙarfinta. A 1948 shi da abokin aikinsa suka tsara a ɗaga sau goma goma har zagaye uku, tsarin da masu ɗaga ƙarfe ke bi har yanzu. A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya ƙarfafa dukan manyan tsokokinsa aƙalla kwana biyu a mako.

Muna roƙon hukumar makaranta ta kafa zanen jikin mutum, gaba da baya, a inda a ke ɗaga ƙarfen nan. Ba sai an haddace sunayen Latin ba. Ya isa kowane ɗalibi, kafin ya kama bututun, ya ɗora yatsa bisa zanen ya nuna wa abokinsa tsokar da zai sa aiki, in ya gama kuma abokin ya tambaye shi inda ya ji gajiya.