ZAMAN IYALI: Tafiyar Mutum Biyu, Shirin Mutum Biyu

 

A cikin wasiƙun da suka iso filin nan a watan jiya akwai ta wani dattijo, malamin makaranta wanda ya yi ritaya. Shekarunsa 68, na uwargidansa kuwa 63. 'Yarsu tana aikin jinya a Landan, ita da mijinta sun gayyace su su je su huta wata guda. Malam ya yi tambaya a kan biza, da kuɗi, da sanyi, da tsaraba. A ƙarshen wasiƙar sai ya ƙara da cewa bai gaya wa uwargida kome ba tukuna, gama ba ya so ya ɗaga mata hankali. In ya gama shiri duka, sai ya ce mata ta ɗaure kaya.

Malam, na gode da wasiƙarka. Zan amsa tambayoyinka, amma daga ƙarshen wasiƙar zan fara, domin a nan babbar maganar take.

Ka yi tunani. Kuna tsakiyar wata babbar tashar jirgin ƙasa a Landan, 'yarku tana wurin aiki, sai jiri ya ɗebe ka, ka kasa magana. Fasfo yana aljihunka. Kuɗi suna wurinka. Lambar gidan 'yarku tana cikin wayarka, wayar kuwa a kulle take. Likita ya tambayi Mama wane magani kake sha, ita kuwa abin da ta sani shi ne fari ne ƙarami. A ranar za ka ga cewa hankalin da ka ƙi ɗaga mata a gida, ka ɗaga mata shi a inda ba ta san kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka yau da dare, bayan tuwo, ka kira ta ku zauna da takarda da alƙalami. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, ku biyu za ku yi shi.

Lokacin tafiya

Ku fara da zaɓen wata. A Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, sanyin kuwa ya fi na hunturun Jos nesa ba kusa ba. Mai ciwon gwiwa zai wuni a ɗaki. A Yuni kuwa haske yakan wuce awa 16, har ƙarfe tara na dare ana ganin hanya. Daga Mayu zuwa Satumba ne lokacin da jikin dattijo zai fi jin daɗi. Amma wannan shi ne daminarmu. Idan kuna da gona, ku duba ko za ku tafi a Mayu, ko kuwa ku bari sai an gama noma na biyu, ku kuma san wanda zai tsaya muku a kanta.

Akwai wani amfani kuma. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Ingila da na Nijeriya daidai suke. Wanda yake shan magani ƙarfe bakwai na safe a gida, ƙarfe bakwai zai sha a can. A sauran watanni suna bayanmu da awa ɗaya.

Takardu

Ku duba fasfo tun da wuri, kowa da nasa, ya kasance yana da sauran kwanaki masu yawa bayan ranar dawowarku. Bizar baƙi ta Birtaniya takan ba mutum izinin zama har wata 6, amma ba ta ba shi izinin aiki ba. Ana iya nemanta wata 3 kafin ranar tafiya, amsa kuwa takan fito cikin kamar mako 3 bayan mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a Abuja ko Legas. Za su so su ga takardar gayyata, da bayanin asusun banki, da abin da zai nuna cewa kuna da dalilin komowa gida, kamar fansho, da gida, da iyali.

Ku faɗi gaskiya a kowane layi. Akwai masu cewa za su gyara muku takardar banki don ta yi ƙiba. Ku guje su. Wanda aka kama da takardar ƙarya, ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Kada kuma ku sayi tikitin jirgi sai biza ta fito, gama idan aka hana, ko kuɗin bizar ma ba a mayarwa. In yara suka ce za su kai ku Faransa ta jirgin ƙasa, ku sani bizar Ingila ba ta shiga can, sai an nemi wata dabam.

Idan takardu suka kammala, a yi wa kowace hoto kashi uku: ɗaya a jakar Malam, ɗaya a jakar Mama, ɗaya a bar wa babban ɗa a gida. A kuma rubuta wa kowannenku ƙaramin kati da adireshin gidan 'yarku, da lambar wayarta, da ta mijinta, ya zauna a aljihu kullum. Waya takan mutu, takarda ba ta mutuwa.

Lafiya

Ku je wurin likita tare, wata guda kafin tashi. A auna jini, a auna sukari, a duba ido da haƙori. Ku roƙi likita ya rubuta muku da Turanci sunan ciwon kowa, da sunan maganinsa, da yadda yake sha. Mama ta san na Malam, Malam ya san na Mama. Ku ɗauki maganin da zai kai mako 6, ba mako 4 kaɗai ba, cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, domin babban akwati yakan yi ɓatan kai. Mai allurar insulin kada ya sa ta a akwatin da za a kai ƙarƙashin jirgi, sanyin wurin yana iya lalata ta. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su tramadol, sai da takardar likita ake shiga da su.

Mutane da yawa suna zaton asibiti kyauta ne ga kowa a Ingila. Ba haka ba ne. Ɗakin taimakon gaggawa ba a biya, amma da zarar an ba baƙo gado, za a caje shi kuɗin jinyar, a kuma ƙara rabinsa a kai. Wanda ya bar bashin asibiti na fam 500 ko fiye, ana iya hana shi biza nan gaba. Don haka inshorar tafiya wajibi ce. Kuɗinta yakan hau da yawan shekaru, duk da haka ku biya. Ku bayyana musu hawan jini ko ciwon sukari idan akwai, gama ciwon da aka ɓoye ba za su biya jinyarsa ba. Lambar gaggawa a can 999 ce, ta neman shawarar lafiya kuwa 111. Idan zazzaɓi ya kama ɗayanku, ku gaya wa likita nan da nan cewa daga Nijeriya kuka zo, domin ya duba zazzaɓin cizon sauro.

Daga Abuja zuwa Landan kai tsaye awa 6 ne zuwa 7. Dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga manya. Ku sha ruwa, ku motsa ƙafafu, ku miƙe ku ɗan taka lokaci lokaci. Filin jirgin Heathrow kuwa yana da doguwar tafiya a ciki. Idan gwiwar Mama tana damunta, a nemi keken guragu kwana biyu kafin tashi. Kyauta ne, ba kuwa abin kunya ba ne.

Kuɗi da kaya

A shekarar 2025 fam ɗaya ya yi ta kai da kawowa a wajen naira 2,000. Wato abin da kuka gani an rubuta masa fam 5, ya kai kusan naira 10,000. Ku yi magana a fili da 'yarku da surukinku: wa zai biya jirgi, wa zai biya inshora, wa zai biya yawo. Kunya ta kwana ɗaya ta fi ɓacin rai na wata guda. Kada a sayar da gona, kada a ci bashi, saboda hutu. Kuɗin da za ku riƙe, ku raba shi biyu, kowa da nasa a jikinsa. Ku kuma yanke kuɗin tsaraba tun daga gida, ku rubuta sunayen waɗanda za a yi wa. In ba haka ba, makon ƙarshe zai ƙare a kantuna, aljihu kuma ya ƙare tare da shi.

Na san Mama za ta so ta kai wa 'yarta kilishi da man shanu. Ta haƙura. Ba a yarda matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga Birtaniya da nama ko kayan nono ba, ma'aikatan kwastan za su karɓe. Busasshen kifi da 'yar zuma an yarda da su gwargwadon awo. Sauran kayan miya, 'yarku ta duba dokar da take ci kafin ku ɗaure, ko da yake a unguwar Peckham akwai kantunan 'yan Nijeriya da yawa. Kada ku karɓi ƙunshin kowa don ku kai wa wani, sai kun buɗe kun ga abin da yake ciki. Rigar sanyi mai nauyi a saya a can. Abin da za ku nema a gida shi ne takalmi mai taushi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi.

Yadda za a raba watan

Ma'aikaciyar jinya takan yi awa 12 a bakin aiki, wani lokaci da dare. Surukinku ma yana da nasa aikin. A can ba a zaman ƙofar gida, maƙwabci ba ya leƙowa gaisuwa. Yawancin ranaku ku biyu ne kaɗai za ku wuni. Wanda bai shirya wa wannan ba, kafin kwana goma zai fara ƙidaya ranar komowa.

Ga shawarata. Makon fari na hutawa ne da sanin unguwa: ina kanti, ina tashar bas, ina majami'a mafi kusa. Ku koyi tsallaka titi, gama motocinsu ta hannun hagu suke bi. Bas a Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai kati, saboda haka kowa ya sami katinsa na Oyster, ya koyi amfani da shi da hannunsa. Bas ya fi jirgin ƙarƙashin ƙasa sauƙi ga dattijo, domin tashoshi da yawa suna da matakala, a bas kuwa ana kallon gari.

A mako na biyu ku fara fita, wuri ɗaya a rana, kwana biyu na fita, kwana ɗaya na hutu. Shiga babban gidan kayan tarihi na British Museum kyauta ne, a can ne za ku ga kayan tagulla na Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Jirgin ruwa a kogin Thames zai kai ku Greenwich, inda layin da ake auna agogon duniya da shi ya ratsa. A Westminster Abbey da majami'ar St Paul masu yawon kallo suna biya, amma mai zuwa sujada ba ya biyan kome. Kowa ya faɗi abu uku da yake so ya gani. Wataƙila Malam tarihi yake so, Mama kuwa lambun furanni da kasuwa. A yi na kowa. A kan hanya kuma, tafiyar wanda ya fi rauni ita ce tafiyar ku duka. Sannu ba ta hana zuwa.

A mako na uku, in aljihu ya yarda, ku tafi wani gari ku kwana biyu, ku kaɗai. Tsohon birnin York kamar awa 2 ne daga Landan a jirgin ƙasa, akwai kuma katin rangwame na masu shekara 60 zuwa sama wanda yake rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi. Makon ƙarshe na jikoki ne, da tsaraba, da ɗaure kaya a natse.

Ina da kalma ɗaya ga 'ya'ya masu gayyata. Idan kuka ce hutu, to, ya zama hutu. Kaka za ta goyi jikanta da murna, za ta kuma tuƙa tuwo ba a roƙe ta ba. Amma kada Baba ya yi ta yawon ganin gari, Mama kuwa ta gama watanta tsakanin madafa da ɗakin jariri. Ita ma ta yi shekara 40 tana aiki ba ritaya.

Gidan da za a bari

Ku sami amintacce ya kwana a gidan, ku san mai ba dabbobi abinci. Ku duba kada ranar tantance 'yan fansho ta faɗa cikin kwanakin tafiya. Babban ɗa ya san inda takardun gida da na gona suke. Ku gaya wa fasto da dangi na kusa domin su riƙa tunawa da ku cikin addu'a, amma ba lalle ne dukan gari ya san cewa gidan zai zauna wata guda ba mai shi ba.

Malam, tun ranar da kuka yi aure, ina jin ba ku taɓa samun kwana 30 ba tare da kuɗin makaranta, ko baƙi, ko taron biki, ko gaisuwar mutuwa sun shiga tsakaninku ba. Ga shi Allah ya kawo. Ka ajiye wannan mujalla a gaban uwargida, ku karanta tare, ka kuma fara da tambayarta ko tana son zuwa, da watan da ya fi mata. In kun dawo, ku rubuto mana labari, amma wannan karo Mama ma ta sa hannu a wasiƙar.

Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. Sai wata mai zuwa.