Gwajin Haidurojin a Titaniyam Ba Ɓata Kuɗi Ba Ne

Ana yabon titaniyam saboda ƙarfinsa da rashin nauyi, shi ya sa ake ƙera sassan injin jirgin sama da ƙusoshin ɗorin ƙashi da shi. Amma yana da kwaɗayin iskar haidurojin, musamman idan ya ɗau zafi wajen walda ko aka wanke shi da asid. Yana hucewa sai iskar ta haɗu da ƙarfen, ta bar 'yan siraran layuka masu gautsi a cikinsa. Ɓarnar irin ta gara ce, ido ba ya ganinta sai ranar da ƙarfen ya tsage. Masana'antar jiragen Amurka ta sha wannan wahala a shekarun 1950. Tun kafin nan Bajamushe Adolf Sieverts ya nuna cewa sai an ninka matsin iskar sau huɗu kafin abin da ƙarfe ke sha ya ninka biyu. A yau ana narka ɗan gutsure a ƙoƙon gawayi, a auna iskar da ta fita, kuma ƙa'idar fallen titaniyam ba ta yarda a wuce kashi 150 cikin miliyan ba. Ni dai ba na yarda da duk dillalin da ya kawo titaniyam ba tare da takardar wannan gwaji ba, komai arhar kayansa.