Gidan Rawa Marar Rufi: A Auna Ƙarar, a Sa Mata Iyaka

Duk shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, matasa daga sassan Turai kan yi tururuwa zuwa Ibiza, wani tsibiri na ƙasar Sifaniya da ke tekun Bahar Rum, domin su tsaya a fili, babu rufi a kansu, a gaban jerin manyan lasifikoki, DJ yana juya musu kiɗa da na'ura. Wannan kiɗa ba shi da makaɗi mai riƙe da ganga. Kwamfuta da na'urori ne ke fitar da bugu mai maimaita kansa, wajen sau 120 zuwa 130 a minti guda, ba tsayawa. Baƙaƙen fatar Amurka ne suka assasa shi a shekarun 1980, irin su Frankie Knuckles a Chikago da Juan Atkins a Detroit, kafin Turawa su rungume shi ya zama babbar sana'a. Idan aka tashi sukar irin waɗannan wurare, yawanci giya da ƙwaya da shigar banza ake ambata, kuma sukar tana da hujja. Sai dai akwai cutarwar da ke samun duk wanda ya shiga, mai sha da marar sha, har ma da wanda bai sayi tikiti ba yana kwance a gidansa. Ita ce ƙara. A ganina nan ne ya kamata doka ta fi sa ƙarfi, domin ƙara aba ce da ake aunawa da na'ura, babu wanda zai yi gardama da abin da ma'auni ya nuna.

Can cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamar gashi, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Shuuu ɗin da mutum ke ji a kunne bayan ya baro wurin kiɗa gargaɗi ne cewa an yi wa kunnen lahani. Sau da yawa yakan lafa, amma ga wasu yana zama har ƙarshen rayuwa. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, wanda lissafinsa ke yaudarar mutane, domin ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin sautin sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma da zarar an kai 90, abin ya ragu zuwa awa 4. Filin rawa kuwa yakan kai 100, wani lokaci ya wuce, kuma mutane kan shafe awa biyar ko shida a ciki. Hukumar ta ƙiyasta cewa fiye da matasa biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraron sauti mai ƙarfi, a irin waɗannan wurare da kuma ta abin sawa a kunne.

Wani zai ɗauka fili ya fi ɗaki sauƙi, tunda iska na kwashe sautin. Akasin haka ne ta fuska biyu. Da yake babu bangon da zai riƙe sautin, masu shiri sukan ƙure na'ura don na can baya ya ji, sai na gaba, wanda ya yi ta kutsawa don ya ga DJ da kyau, ya sha mafi muni. Sannan sautin nan mai kauri, wanda ake ji yana dukan ƙirji, shi ne mafi nisan tafiya, kuma yana ratsa bango da taga. Tsoho da jariri da ma'aikacin da zai yi sammako duk sukan zama 'yan kallo na dole. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa Turai a 2009 ta so ƙarar dare a wajen gida ta tsaya a desibel 40 bisa matsakaici, saboda rashin barci na yau da gobe yana taɓa lafiyar zuciya.

Hujjar farko da masu kare abin kan kawo ita ce, baligi ne ya zaɓa, kuɗinsa ne, kunnensa ne. Zaɓi kuwa sai da sani. Ɗan shekara 19 da ke tsaye gaban lasifika bai san desibel nawa ke shiga kunnensa ba, ba ya jin zafin da zai kore shi, kuma sakamakon sai bayan shekaru yake bayyana, lokacin da mai gidan rawar ya daɗe da cinye ribarsa. Maƙwabci kuwa babu wanda ya tambaye shi. Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba na kuma raina ta: masoya wannan kiɗa suna cewa ƙarfin shi ne kiɗan, da jiki ake jin sa, idan aka rage an kashe shi. Amma babu mai hankalin da ke neman a mayar da filin rawa ɗakin karatu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Maris 2022 ya amince da desibel 100 a matsakaicin minti 15, wanda ƙara ce mai girgiza jiki. Abin da ya ƙara ya haɗa da a riƙa auna sautin yayin da ake kiɗa, a samar da abin toshe kunne, a keɓe wurin da kunne zai huta, a koyar da ma'aikata. Faransa ta riga ta yi doka tun 2017, ta sa iyakar desibel 102, ta kuma wajabta raba abin toshe kunne kyauta, ga shi har yau ana rawa a Faransa.

Sai batun kasuwa, wai takurawa za ta kori baƙi ta kashe ayyukan yi. Ibiza da kanta ta amsa wannan. A farkon shekarun 1990 hukumomin tsibirin suka tilasta wa manyan gidajen rawa irin su Amnesia da Ku, waɗanda a da a buɗe suke, su yi rufi saboda ƙara. Tsibirin bai durƙushe ba, sai ma bayan nan ya ƙara suna. Da aka buɗe Ushuaïa a 2011 a matsayin filin rawa marar rufi, sai ya ɗauki wani tsari: a fara da yamma, a tashi wajen ƙarfe 11 na dare, mai son ci gaba ya koma gidan rawa mai rufi. Da wannan tsarin ne mashahuran DJ irin su David Guetta ke cika shi maƙil. Ba wai mazauna tsibirin sun daina ƙorafi ba ne, amma an ga cewa ƙayyade lokaci ba ya hana ciniki.

Akwai kuma masu cewa me ya kawo zancen ma'auni, a rufe wuraren baki ɗaya a huta. Wannan ra'ayi zai yi wa da yawa daga cikin masu karatu daɗi, kuma kowace al'umma tana da ikon tsara abin da ta yarda da shi. To amma Birtaniya ta gwada wani abu makamancin haka. Bayan gangamin Castlemorton na 1992, inda dubban mutane suka kwashe kusan mako guda suna rawa a filin karkara, an yi doka a 1994 wadda ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa irin wannan taro, har ta siffanta kiɗan da maimaituwar bugunsa. Kiɗan bai mutu ba. Wasu masu shirya shi suka tsallaka Faransa, wasu suka koma gidaje masu lasisi, kuma a 2024 Jamus ta sa kiɗan tekno na Berlin, wanda reshe ne na wannan kiɗa, cikin jerin al'adunta na gado. Hana nau'in kiɗa bai kare kunnen kowa ba, domin kunne bai san nau'i ba, ƙarfi kawai ya sani.

Nan ne zancen ya iso ƙofarmu. Lasifikar da ke Ibiza 'yar uwar wadda DJ ke kafawa ce a tsakiyar layi ranar biki a garuruwanmu, da ta gangamin siyasa, da ta mai talla a mota, yara kuma su ne ke rige-rigen zama a gindinta. Najeriya tana da dokar ƙayyade ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma hukumar kare muhalli ta jihar Legas kan garƙame gidajen rawa da wuraren ibada da suka wuce iyaka. Sauran jihohi su sayi ma'auni su ba jami'ansu, su sa wa kowane izinin taro iyakar ƙara da lokacin tashi, wanda ya karya kuma a ci shi tara, ko wane ne shi.